Ragon Goggo Da Huɗubar Idi

'Yan'uwana mata! Maganar da zan yi yau ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon ku karanta wa mazajenku, su kuma su isar wa malamanmu limamai, Allah Ya ƙara musu daraja.

Ni haifaffiyar Dalijan ce ta ƙasar Gwandu. Ina da wata goggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta wani ƙauye can gaba da mu. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ba ta da sana'ar da ta wuce ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara biyu cur tana kiwon ɗan ragonta da dusa da harawa, burinta ita ma ta yi layya ko sau ɗaya a rayuwarta. A wurinta na yi Babbar Sallar wannan shekara. Tun da asuba ta aika aka kira mai yanka, wai don kada a sauko Idi a yi ta rububinsa. Kafin mu fita masallaci har an feɗe.

Da la'asar sai ga wani ɗan yayanta da ke karatun littattafai a Gwandu ya zo barka da salla. Ya ce, "Goggo, yaushe aka yanka?" Ta gaya masa. Yaron nan ya sunkuyar da kai, can ya ce ai duk wanda ya riga liman yanka, nama kawai ya ci, ba layya ba. Wallahi sai na ga Goggo ta sulale ta zauna kan turmi.

"Ɗan nan, shekara nawa ina zuwa Idi, ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Ai liman yana faɗa kowace shekara cikin huɗuba, Goggo."

"Da wane harshe?"

Bai amsa ba. Mu da muke can sahun baya mun san amsar. Ana sallamewa liman zai zaro takarda ya yi ta kwararo Larabci, iska ta kwashe rabi, kukan yara ya cinye saura, maza kuwa tuni sun suri takalma. Mu ma ba na wanke mu ba, domin sau da yawa idonmu yana kan atamfar wance da lallen wance. To amma ko mun kasa kunne, me za mu ji?

Alhali ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa ranar Idi, bayan Manzon Allah (SAW) ya gama huɗuba, sai ya taka zuwa wurin mata tare da Bilal ya yi musu nasu wa'azin, har suka riƙa cire zobba da 'yan kunne suna sadaka. Mu mutanen Gwandu ma ba sai mun je da nisa ba. Shehu Usmanu da Hausa da Fillanci yake wa'azi, mata suna halarta. Da wani malami ya soki hakan, ƙanensa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke nan Gwandu kusa da mu, shi ya mayar masa da amsa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita kuma ta tura jajojinta ƙauyuka suna koya wa mata addini da harshen da suke ji.

Allah gafarta Malam, ba mu ce a bar Larabci ba. A karanta shi, sannan a ba mu ko minti goma da Hausa, a kuma jawo lasifika ɗaya zuwa sahunmu. Hukuncin layya da na zakkar fidda kai a faɗe su tun Juma'ar da ke gaban salla, don ranar Idi bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wannan taro sau biyu kaɗai ake samunsa a shekara, har da wanda ba a ganinsa a masallaci. A taɓo mana abin da ke cikin gidajenmu: maigidan da ya ci bashi don gasar rago, auren da ke mutuwa kan kayan salla, bazawarar da ke shaƙar ƙamshin suyar maƙwabta.

Yaron ya gaya wa Goggo kwana uku ake yanka, tana iya sakewa. Ta yi murmushi ta ce da wane kuɗin. Muka soya naman, ta raba wa maƙwabta kamar yadda ta yi niyya. Har Allah Ya karɓi abinsa ba ta sake samun halin sayen rago ba.