Sallamar Fita: Abin da Wani Ƙaramin Direba ya Koya Mini

Kawuna yana da rijiyar burtsatse da tankin ruwa a bayan gidansa, inda ƴan ga-ruwa ke cika jarkokinsu, su biya da yamma. Kullum sai an yi gardama a kan lissafi. Da na ce zan haɗa masa na'urar da za ta riƙa ƙidaya ruwan da ya fita, sai ya ce, "To, ɗana, in dai ba za ta ƙara mana rigima ba, bismilla."

Na sa wani ɗan ma'auni a bakin bututu, mai farfela a ciki. Duk zagayen da farfelar ta yi, yakan aika sigina zuwa ƙaramar kwamfuta ƙirar Raspberry Pi mai aiki da Linux. Sai dai kwamfuta ba ta jin yaren na'ura sai da tafinta, kuma shi wannan tafinta ake kira direba. A Linux mazauninsa yana cikin cibiyar tsarin, wato ɓangaren da ke raba ƙwaƙwalwa da lokaci ga dukkan manhajoji, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Ba lallai ne a gina direba tare da cibiyar ba. Ana iya rubuta shi a matsayin modul, fayil mai ƙarewa da .ko, a shigar da shi da umarnin insmod kwamfuta na cikin aiki, a fitar da shi da rmmod ba tare da an kashe ta ba. Umarnin lsmod yana nuna waɗanda ke ciki, modprobe kuwa yakan shigo da modul tare da duk waɗanda ya dogara da su.

Kowane modul yana da ƙofa biyu. Ta shiga ita ce aikin da aka yi wa rajista da module_init, ta fita kuma wanda aka yi wa da module_exit. Na ɓata mako guda ina gyara ta shiga. A cikinta na roƙi cibiya abubuwa uku: ɗan wuri a ƙwaƙwalwa ta hanyar kmalloc, lambar da za a san na'urar da ita, da layin ƙararrawa ta hanyar request_irq. Ma'anar na ƙarshen ita ce na ba cibiya adireshin wani aiki nawa, na ce duk lokacin da sigina ta zo, ta bar abin da take yi ta kira shi. Ƙofar fita kuwa a minti biyar na rubuta ta. Na mayar da ƙwaƙwalwa, na mayar da lamba, na manta da ƙararrawa.

Kwana uku komai na tafiya daidai. A rana ta huɗu da azahar, rana ta kori masu ɗiban ruwa, sai na ga damar sa wani ɗan gyara. Da na buga rmmod ta ƙi, ta ce ana amfani da modul ɗin, domin a daidai lokacin manhajar da ke tara jimillar yini tana karanta shi. Cibiya tana ƙidaya masu riƙe da kowane modul, kuma ba ta sakinsa sai adadin ya koma sifili. Na dakata kaɗan na sake bugawa, ya fita lami lafiya. Na duba dmesg, inda cibiya ke rubuta labarin abin da ke faruwa a cikinta, ban ga wani ƙorafi ba. Na tashi na je shan ruwa.

A nan ne wani yaro ya zo da bokiti ya buɗe famfo. Farfela ta juya, sigina ta iso, cibiya ta nufi adireshin da na ba ta. Babu kowa a wurin, an riga an share shi. Da a ce manhaja ce ta yau da kullum ta yi wannan kuskure, da ita kaɗai za a kashe. Amma modul ba shi da katanga tsakaninsa da cibiya, ɗaki ɗaya suke kwana. Kwamfutar ta sandare, kuma jimillar ruwan da aka ɗiba tun asuba, wadda manhajata ba ta rubutawa a kan kati sai magariba, ta tafi.

Da yamma ƴan ga-ruwa suka taru. Kawu ya tambaye ni adadi, na ce ya ɓace. Bai yi mini faɗa ba, sai ya karɓi abin da kowa ya faɗa da bakinsa. Bayan sun watse ya ce, "Me ka karya?" Na ce, "Kawu, ban karya komai ba, aro na yi ban mayar ba."

Wannan kalma ta tsaya mini a rai. Hausa ta bambanta aro da rance. Wanda ya ranci gero zai biya da wani geron, amma wanda ya ari tsani, tsanin nan dai zai mayar. Duk abin da modul ya karɓa daga cibiya aro ne. Kowane kmalloc yana jiran kfree ɗinsa, kowane request_irq yana jiran free_irq mai ɗauke da lambar layin da shaidar da aka karɓe shi da su. Mayarwar ma tana da tsari: abin da aka karɓa a ƙarshe shi ake fara mayarwa, don kada a janye tabarma alhali wani na zaune a kai. Haka kuma idan roƙo na uku ya faskara tun a ƙofar shiga, wajibi ne a mayar da biyun farko nan take, domin modul ɗin da bai gama shiga ba, ba za a kira ƙofar fitarsa ba. Daga baya na san akwai ayyuka masu farawa da devm_, waɗanda ke mayar da aron da kansu idan an raba direba da na'urarsa, amma na gode da ban san su ba sai da na ji a jikina.

Yanzu duk layin aron da na rubuta, kafin in wuce sai na rubuta na mayarwarsa. Gwajina ma ya sauya: nakan shigar da modul in fitar da shi sau da yawa a jere, famfo a buɗe, ina duba /proc/interrupts in tabbatar sunansa ya ɓace bayan kowace fita. Manhajar lissafi kuma tana rubutawa a kan kati duk minti.

Da kalma guda, sallama, Bahaushe yake neman izinin shiga gida, da ita kuma yake rabuwa da mutanen gidan. Na koya wa direbana ta farko da kyau, ta biyun ce ta jawo wa kawu asarar lissafin yini guda. Har yau in ya gan ni da kwamfuta a gindin tanki, yakan ce, "Ɗana, ka dai mayar musu da kayansu ko?"