Lofoten, inda iska ke shanya kifi

Mai karatu, duba taswirar Norbej, can ƙuryar arewa, za ka ga jerin tsibirai sun kutsa cikin teku. Su ne Lofoten. Duwatsu ne tsaye bisa ruwa, ƙasar noma ƴar kaɗan, shi ya sa garuruwa irin su Svolvær da Henningsvær suka maƙale a bakin gaɓa. Ƙauyen da hanyar mota ta ƙare, sunansa harafi ɗaya tak: Å.

Mafi yawan watan Disamba rana ba ta fitowa, a Yuni kuwa ba ta faɗuwa. Duk da haka teku ba ta daskarewa, albarkacin ruwan ɗumi mai kwararowa daga kudu.

Arzikin wurin kifi ne. Daga Janairu zuwa Afrilu yake gangarowa daga tekun Barents domin ya yi ƙwai. Masunta su kama, su rataye shi bisa rumfunan katako, ba gishiri, ba hayaƙi. Iskar sanyi ce ke yi masa abin da rana ke yi wa kilishi. Mai kyawun, Italiya ke saye. Busassun kawunan kuwa sai kasuwannin Najeriya.

Sai dai kifin yana raguwa. Adadin da Norbej da Rasha suka yarda a kama ya faɗo daga ton 885.600 a 2021 zuwa ton 340.000 a 2025.