Yaro ya san Pochinki, bai san Wanzamai ba

Jama'a, akwai wani karatu da samarinmu suka haddace ba da malami ba, ba da bulala ba. Ka zauna kusa da kowace majalisar samari a Gusau bayan Isha'i, Tudun Wada ne ko Samaru ko Sabon Gari, za ka ji ana ta kiran Pochinki, Georgopol, Rozhok, Yasnaya. Sunayen garuruwa ne na wani tsibirin ƙirƙira da ake kira Erangel a wasan PUBG Mobile, wanda ya shigo waya a 2018. Na san da yawa daga cikinmu iyaye da mun ji an ce wasan harbi sai ranmu ya ɓaci, kuma da gaskiyarmu, don mun ga abin da bindiga ta yi wa jihar nan. Amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Ga yadda wasan yake ga wanda bai sani ba. Jirgi ke ɗauko mutum har 100, kowa ya diro da lema inda ya ga dama. Filin kilomita 8 ne tsawo, 8 faɗi. Galibi ana haɗa ƙungiya ta mutum huɗu, suna magana da juna ta waya. Fili yana ta tsukewa, wanda ya rage a waje ya mutu, ƙungiyar da ta saura ita ta ci. Saboda haka duk iya harbinka, in abokanka ba su gane inda kake nufi ba cikin daƙiƙa biyu, an gama da ku.

Babban ɗana yana yin wasan. Na sa masa doka: sai Asabar da Lahadi, kuma in an kira salla a aje waya. A hutun da ya wuce ɗan ƙanwata ya zo daga Tsafe, suka saka shi a ƙungiyarsu. Abin da na lura, kafin su koya masa bindiga sai da suka koya masa sunaye. Yaron ya hango abokin gaba ya yi ihu, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Sai na ji ɗana ya ce, "Ƙane, nan ina? Mu ba mu cikin idonka. Faɗi wuri, faɗi lamba, faɗi su nawa." Lambar da yake nufi ita ce ta kamfas ɗin da ke saman allo, daga 0 zuwa 360. Kafin mako ya ƙare yaron nan ya iya cewa, "Mutum biyu, 210, jan bene, hawa na sama, ɗaya ya ji rauni." Kalma goma sha biyu, kowa ya san inda zai duba.

Har wasu wuraren sun mayar da su Hausa. Akwai Makaranta, akwai Bariki da ke tsibirin kudu, akwai gadoji biyu da ke kaiwa can, akwai wajen kwantena a Georgopol. Dokarsu ɗaya ce: wuri ɗaya, suna ɗaya, kuma duk su huɗun sun yarda da shi. In gidaje biyu sun yi kama, sai an ƙara abin da zai raba su.

To yanzu mu dawo gida. Ina aiki a Gusau, iyayena suna ƙasar Tsafe, surukaina suna Bungudu, don haka hanyoyin nan biyu ba baƙona ba ne. Duk ranar da zan kama hanya sai na duba zaurukan WhatsApp, kamar kowa. Mi nake tararwa? "Jama'a a yi hattara, hanya ba kyau." Wace hanya, ta Funtua ko ta Sakkwato? Yaushe, yanzu ko jiya? Wani ya turo murya yana haki, "Sun fito, suna da yawa, sun yi gabas." Gabas da ina? Kafin a gano, saƙon ya zagaya zaure ashirin, har ya dawo bayan kwana uku a matsayin sabon labari. Wanda ya kamata ya tsaya ya wuce, wanda ya kamata ya wuce ya kwana a tasha.

Wallahi a nan direbobin haya sun fi mu ƴan boko. Direba ba zai ce maka hanya ba kyau ya yi shiru ba. Zai ce maka tsakanin Kucheri da Wanzamai ne, ko wajen Magazu, ko Tazame, ƙarfe kaza, kuma motoci sun fara wucewa ko ba su fara ba. Shi ma abin da ya koya masa shi ne abin da ya koya wa yaran nan: ya san kwatance mara kyau yana iya cin rai.

Matsalar tana da tushe. Na farko, sunayenmu suna maimaituwa. Sabon Gida nawa ne a Zamfara? Sabon Gari nawa, Tudun Wada nawa, Tungar wane da Gidan wane nawa? Lokacin da aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumbar 2023, a Sabon Gida ne, wadda ke kusa da jami'ar a ƙaramar hukumar Bungudu. In ka tsaya a "Sabon Gida" kawai, wanda ba ɗan gari ba bai san wacce kake nufi ba. Na biyu, rubutu ya bambanta. Tsafe a tsofaffin takardu Chafe ce, Kwatarkwashi kuma Kotorkoshi. Na uku, jami'in tsaron da aka turo daga wata jiha bai taso yana jin Yankuzo da Bilbis da Danjibga ba, ballantana Nahuche da Furfuri da Bingi. Shi kuwa ɗan bindiga ya san kowane rafi da kowace tsamiya da sunanta. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa aka ga amfanin Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, don ɗan gari shi ya san gari.

Wani zai ce ai yanzu waya tana tura wurin da mutum yake. Haka ne, kuma ya kamata kowa ya koyi yin hakan. Amma ku tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a duk jihar nan. Ko yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Sunan da ke cikin kai ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar caji.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da muka haifa a birni. Tsoro ya sa mun daina kai su ƙauye, kuma ba na ganin laifin kowa a kan haka. Sai dai sakamakon shi ne yaro ya iya zana Erangel da ido rufe, amma in mota ta lalace da shi bayan Dutsen Kwatarkwashi, ya kira gida, ba zai iya faɗin inda yake ba. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe Novorepnoye ba za ta kasa riƙe Wanzamai ba. Ba a dai nuna masa cewa yana da amfani ba ne.

Ni dai ga abin da na fara yi a gidana, wanda ya ga dama ya gwada. In muna tafiya, yara ke kiran sunan kowane gari kafin mu iso shi, a jere, wanda ya tsallake ɗaya ya faɗi. Sun ɗauke shi wasa, kuma sun fi ni sauri.

Ga masu tura labari kuma, don Allah mu aro tsarin yaran nan. Sunan wuri tare da ƙaramar hukumarsa. Tsakanin ina da ina. Rana da lokaci. Abin da ka gani da idonka, ka raba shi da abin da aka faɗa maka. Shugabannin zaurukan unguwa su mayar da wannan ƙa'ida, saƙon da bai cika ta ba a tambayi mai shi kafin a yaɗa. Masu unguwanni da dagatai su ma za su iya zama da matasa a rubuta sunayen ƙauyuka da rafuka da mararrabu na kowace mazaɓa, a miƙa wa jami'an da ke aiki a yankin.

Gargaɗi ɗaya: kwatancen inda jami'an tsaro suke, ko inda mutanen gari suka ɓoye, ba na Facebook ba ne. Mun san akwai masu kai rahoto a cikinmu. Su ma yaran nan da ƙungiyarsu kaɗai suke magana, ba sa buɗe murya abokin gaba ya ji.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya nuna mana ranar da za mu kama hanyar Tsafe da dare ba tare da mun tambayi kowa ba. Amin.