Jamus: Asalin Talaka Yana Littafin Coci

A Makarfi, Ikara ko Hunkuyi, mai neman asalinsa zauren tsohon gidansu yake nufa. Tsoho ya lissafa kaka da kakan kaka, daga nan zance ya tsaya. Bajamushe kuwa coci yake nufa, domin sai a 1876 gwamnati ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa a duk faɗin ƙasar. Kafin nan, a yawancin yankuna, aikin limaman coci ne.

Abin ya samo tushe daga rabuwar kai. A 1517 Martin Luther ya ƙalubalanci cocin Katolika daga garin Wittenberg, Jamus ta dare biyu. Yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta ce ɗarikar da sarki ya bi, ita talakawansa za su bi. Kowane ɓangare ya shiga rubuta mabiyansa. Taron Trent na Katolika ya wajabta littafin baftisma da na aure a 1563, na mamata ya biyo baya a 1614.

Shi ya sa sanin ƙauye ya fi sanin sunan dangi amfani. Sai ka san ƙauyen, ka san ɗarikarsa, kafin ka san littafin da za ka buɗe. Na Katolika galibi da Latin ne, na mabiya Luther da Jamusanci, cikin wani tsohon rubutun hannu mai ƙugiyoyi wanda yawancin Jamusawan yau ba sa iya karantawa. A layi guda za ka ga sunan jariri, na uwa, na uba da sana'arsa, masaƙi ne ko maƙeri, har da waɗanda suka tsaya masa wajen baftisma. Wannan ne ya fi burge ni: ba sarakuna kaɗai aka rubuta ba, har ɗan ƙodago.

Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye littattafai da dama. Waɗanda suka tsira, da yawansu suna intanet: shafin Archion na ɓangaren Luther, da kuɗi, shafin Matricula na Katolika, kyauta. Jikokin miliyoyin da suka yi ƙaura zuwa Amurka kan haɗa littattafan da jerin fasinjojin tashar jirgin ruwa ta Hamburg, na 1850 zuwa 1934.

Amma littattafan sun taɓa zama makami. Daga 1933 gwamnatin Hitler ta tilasta wa ma'aikatanta kawo shaidar cewa babu Bayahude cikin kakanninsu, kuma daga waɗannan shafuka aka riƙa ciro ta.