Kwana Uku a Kan Dutsen Fako

Shekara da shekaru muna tsayawa gaban allo muna gaya wa yara cewa Dutsen Kamaru, wanda ake kira Fako, ya haura mita 4,000, kuma ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Ran nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka taɓa hawansa?" Kunyar wannan tambaya ce ta kai mu Buweya da rani, mu malamai huɗu.

Muka ɗauki jagora, ɗan ƙabilar Bakweri, da 'yan dako biyu. Wunin farko muka ratsa kurmi, muka fita cikin ciyawa da baƙin dutse, har bukka ta biyu, wajen mita 2,800. A nan muka kwana. Mu da muke taƙama da sanin hunturu, sai ga mu haƙora na kaɗawa cikin bargo bibbiyu.

Da asuba babbanmu ya tashi da ciwon kai da amai. Ya ce ba komai, zai daure. Jagoran ya dube shi ya ce, "Baba, ba gajiya ba ce, ƙarancin iska ne. Maganinsa sauka." Mu kuwa muka shiga gardama, wai kuɗinmu muka biya, kuma tare muka zo. Abin takaici, mu ne masu koyar da cewa iskar shaƙa tana raguwa in an yi sama, amma a ranar wannan saurayi ne ya riƙe darasin, mu muka manta. Ya ce in Baba bai juya ba, shi ba zai ƙara taku ɗaya ba. Dole muka haƙura, ɗan dako ɗaya ya sauka da shi.

Mu uku muka kai ƙololuwa wajen azahar. Iska kamar ta ɗauke mutum, gajimare a ƙarƙashinmu. Ba mu yi minti ashirin ba muka gangara ta ɗaya gefen, cikin toka da ramukan aman wuta, muka kwana a maɓuɓɓugar Man, wadda ta ci sunan wani Bajamushe masanin tsirrai. Masu tseren shekara-shekara, wanda aka fara a 1973, suna hawa su sauko cikin awa biyar. Mu sai rana ta uku muka iso gari, muna dogara sanda.

Mun tarar da babban namu a masauki, garau, yana shan shayi.