Masu Jiran Baƙo a Bisa Duwatsu Biyu

Mutanenmu da yawa sun san Tamanrasat. Wanda ya bi ta Agadas da Arlit da Asamaka ya tsallaka Aljeriya, nan ne babban zangonsa, kuma a kasuwar garin sai ka yi ciniki da Hausa ka tashi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa hawa duwatsun Hoggar zuwa Asakaram, tafiyar kamar kilomita 80 a kan hanya mai cin taya da jijjiga ƙashi. Abin da na tarar a can shi ya sa daga baya na nemi wani dutsen a Turai, inda wasu Kiristocin ke irin wannan hidima cikin yanayin da bai haɗa komai da na Sahara ba.

Asakaram tudu ne shimfiɗaɗɗe da tsayinsa ya haura mita 2,700. Ba itace, ba inuwa, sai baƙaƙen duwatsu da iska. Mota a ƙasa take tsayawa, sauran hawan da ƙafa. A sama akwai ɗan ɗakin halwa na dutse da aka gina wa Charles de Foucauld a 1911. Tsohon hafsan sojan Faransa ne da ya ajiye kaki ya zama fada, ya sauka Tamanrasat a 1905, ya duƙufa kan harshen Buzaye har ya bar ƙamus mai juzu'i huɗu wanda masana ke komawa gare shi har gobe. An kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da jagoran Buzaye Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya. Mutumin zamanin mamaya ne, bai kuma raba gari da hafsoshin ƙasarsa ba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shi kansa 'yan watanni ya iya yi a kan tudun, sanyi da ƙarewar guzuri suka sauko da shi. Waɗanda suka cika mini ido su ne magadansa, Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, da suke zaune a wurin tun 1955, biyu ko uku a lokaci guda.

Karatun farko na sabon zuwa shi ne lissafin ruwa. Na sama da ake tarawa a tanki shi ne jarinsu, sama kuwa tana iya daɗewa ba ta zubo ba. Suna auna shi yadda uwargida ke auna hatsi idan rumbu ya yi ƙasa kuma damina da saura. Ruwan da aka yi wanke-wanke da shi ba a zubarwa sai ya yi aiki na biyu. Duk da haka, da baƙo ya ƙaraso yana haki, daga wannan ruwan ake ɗora masa shayi, ba a tambaye shi daga ina yake ko me yake bauta wa ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Kyauta daga cikin yalwa kowa yana iyawa. A nan kowane kofi an san ranar da za a nemi shi a rasa.

Sai sanyi. Da hunturu ruwa yana daskarewa da dare a tsakiyar Sahara, iska kuma ba ta hutawa. Bayan sanyi sai shiru, wanda a ganina ya fi shi nauyi, domin mutum yana iya wuni bai ji muryar kowa ba sai ta ɗan'uwansa guda. Ranarsu a tsare take: addu'a, girki, gyaran bango da hanya, karatu. Akwai kuma tashar auna yanayi a kan tudun. Yawancin masu hawowa yanzu Musulmin Aljeriya ne da ke zuwa kallon fitowar rana da faɗuwarta a kan tsaunuka. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce zama cikin mutane da aikin hannu, ba wa'azi ba, kuma sun riƙe ta. Na yi sallar asuba a kan duwatsu dab da ɗakin ibadarsu, babu wanda ya haɗe mini rai.

Dutse na biyu shi ne mashigin Babban San Barna, tsakanin Martinyi ta ƙasar Suwizalan da Awosta ta Italiya, mita 2,469. Wajen shekara ta 1050 wani malamin coci daga Awosta mai suna Bernard ya kafa masauki a nan saboda matafiya da ƙanƙara da 'yan fashi ke hallakawa. Tun daga lokacin ba a daina karɓar baƙi ba. Ta nan Napoliyon ya ƙetara da sojoji kusan 40,000 a watan Mayu na 1800, ta nan kuma masu ziyarar ƙafa daga Ingila zuwa Roma ke bi. Karnukan nan manya masu ceto sunan wurin suka ci. Mafi shahara a cikinsu, Barry, an ce ya ceci mutum kusan arba'in. Tun 2005 wata gidauniya a Martinyi ce ke kiwonsu, sai lokacin zafi ake hawo da wasu.

A nan ruwa ne ya yi yawa, ya daskare ya toshe ƙofa. Daga wajen Oktoba zuwa Yuni hanyar mota a rufe take. Tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse a 1964 yawancin motoci ta ciki suke wucewa, da hunturu kuma gidan ya rage wa wanda ya zo da ƙafarsa. Kafin a rufe hanya ake cika ɗakunan ajiya da abincin watanni. Wanda ya zo aiki, fada ne ko ɗan sa kai, dole ya koyi tafiya a kan katakon zamiya, ya koyi karanta fuskar dusar ƙanƙara, domin hanyar ƙarshe tana ratsa wani kwari da ake kira Kwarin Matattu saboda zaftarewarta. Ƙofar gidan ba a kulle ta, dare ko rana. Ka shigo jiƙe, a miƙo maka shayi mai zafi kafin a tambayi sunanka.

Na zaci kaɗaici zan gani a nan ma, sai na tarar da gida cike: matasa, iyalai, masu hawan dutse, kowa da takalminsa mai laka da yunwarsa. Mai hidima yana gyaran gadaje, yana rabon miya, yana wanke tulin kwanuka, sannan ya zauna ya saurari wanda ya hawo da damuwarsa. Ƙararrawa ta buga su sauka ɗakin addu'a na ƙasa, su fito su ci gaba daga inda suka tsaya. A hukuncina, sabawa da wannan gidan ya fi wuya. A Asakaram jiki ne ke shan wahala, amma mutum yana da lokacinsa. A San Barna lokacinka na duk wanda ya turo ƙofa ne, kuma ana so baƙon ƙarshe na dare ya sami fuskar da na farko ya samu. Na lura da su da kyau, na ga suna yi.

Mai karatu, in Allah ya kai ka San Barna da hunturu, ka fara kiran gidan ka ji halin ƙanƙara kafin ka kama hanya. Idan an gama cin abinci kuma, ka tashi ka kama musu wanke-wanke. Suna karɓa da murna.