Mujamma'a: Gidan Da Ɗaliban Azhar Suka Sha Layin Iƙama

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sadat, a tsakiyar birnin Alƙahira, ya dubi kudancin Dandalin Tahrir, zai ga wani tafkeken gini mai hawa 14 wanda ya ɗan lanƙwashe kamar baka. Sunansa Mujamma'a, watau matattara, amma Misirawa Mugamma'a suke cewa bisa ga lafazinsu. An gina shi gab da ƙarshen mulkin Sarki Faruk domin a tara ofisoshin gwamnati wuri guda, kuma wanda ya zana shi, Muhammad Kamal Isma'il, shi ne daga baya ya tsara faɗaɗa masallatan Makka da Madina. Shekara da shekaru, ɗaliban da suka zo Masar daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sun sha taka matakalar wannan gini wajen neman izinin zama, domin a cikinsa ofishin fasfo da shige da fice yake a lokacin.

Zuwan mutanenmu Alƙahira neman ilmi ba sabon abu ba ne. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashik domin masaukin alhazansu da almajiransu, sa'an nan a cikin masallacin Azhar kansa an keɓe wa Barebari shiyya tasu, wadda ake kira riwaƙi. A wancan zamani almajiri shehin riwaƙinsa yake gabatar wa kansa, a rubuta sunansa, a yanka masa rabon gurasa na kullum, shi ke nan ya zama ɗan gida. Sa'ad da aka yi dokar 1961 wadda ta mai da Azhar jami'a irin ta zamani, har da sashen likitanci da na injiniya, sai aikin ya ƙara komawa kan takardu.

Ga yadda abin yake gudana a Mujamma'a a wancan lokaci. Bizar da baƙo ya shigo da ita ta ɗan lokaci ce, saboda haka tilas ya nemi iƙama, watau izinin zama, wadda galibi ta shekara guda ake ba ɗalibi. Yakan yi sammako ya riƙo fasfo, da hotuna, da kwafen shafukan fasfon, da takardar makaranta mai tabbatar da cewa an rubuta shi cikin ɗalibai. A hawa na farko akwai tagogi jere, kowace da lambarta. A wannan za a ba shi fom, a waccan ya sayi kan sarki, ya komo ta fari ya miƙa, sa'an nan a ce ya dawo. Ma'aikata ba su cika ɗaga kai ba, layi kuwa ƙarfin kafaɗa ke tsara shi. Kalmar Larabcin Masar da sabon ɗalibi ke fara haddacewa a nan ita ce “bukra”, watau gobe. Su kansu 'yan ƙasar ba su tsira ba, har a 1992 aka yi wani fim na ban dariya, Al-Irhab wal Kabab, inda Adil Imam ya fito a matsayin uban da ya zo neman a sauya wa 'ya'yansa makaranta, aka yi ta yawo da shi cikin ginin har ya fusata.

Amma fa layi ba shi ne babbar wahalar ba. Iƙamar karatu a kan takardar makaranta take rataye, ita kuwa ba ta samuwa sai an karɓi mutum. Azhar takan jarraba Larabcin baƙo, ta kuma duba ko shaidar sakandarensa ta yi daidai da tata. Wanda ya gaza sai a mai da shi ajin koyon harshe ko makarantar sakandare ta baƙi, har wa yau kuma akwai jiran amincewar jami'an tsaro. Cikin wannan jira ne biza ke ƙarewa. Wanda ya zo da gurbin karatu a hannu, ya sami ɗaki a Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje, yana da inda zai jingina. Wanda kuwa iyayensa suka sayar da gona suka ba dillali, ya shigo da bizar yawon buɗe ido bisa alkawarin za a daidaita kome in ya isa, shi ne ke kwana da fargabar 'yan sanda, tara kuma tana jiransa a filin jirgin sama ranar fita. Dillalin ba ya cikin wannan lissafi, ya riga ya karɓi nasa.

Yanzu dai tagogin Mujamma'a sun rufe. A 2019 aka ɗauke ofishin fasfo zuwa unguwar Abbasiyya, a 2021 aka kwashe sauran ma'aikata, aka kuma ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni domin a mai da ginin otal. Sabon ofishin ya zo da lambar layi da kujerun zama, iƙamar ma ta koma kati maimakon hatimi a cikin fasfo. Sai dai sharaɗin bai sauya ba, hasali ma tsananta ya yi: a 2023 gwamnatin Masar ta umarci baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba su biya dala 1,000 kafin a daidaita zamansu. Tsofaffin ɗalibai da ke koyarwa yau a makarantun Islamiyya da kotunan shari'a na ƙasar nan, in sun koma Alƙahira ziyara, sai dai su tsaya daga bakin dandali su nuna wa 'ya'yansu hawan da suka sha tsayuwa.